Max Gawn da Melbourne: yadda ake auna dogon yaron da bai gama zama ɗan wasa ba

A watan Nuwamba na 2009 ƙungiyar Melbourne ta shiga zaɓen matasa na gasar AFL, babbar gasar ƙwallon Ostireliya, tana kan gaba a layi. Shekara biyu a jere ita ce ta ƙarshe a teburi, kuma dokar gasar ita ce wanda ya fi shan kashi shi ke fara ɗauka. Ta ɗauki Tom Scully a zaɓi na 1, Jack Trengove a na 2, Jordan Gysberts a na 11, Luke Tapscott a na 18. Sai da layi ya kai na 34 sannan ta kira sunan Max Gawn, yaro ɗan shekara 17 mai tsawon santimita 208, wanda wasa uku kacal ya buga wa ƙungiyar matasa ta Sandringham Dragons a wannan shekarar kafin babbar jijiyar gwiwarsa, wadda likitoci ke kira ACL, ta tsinke.

Scully ya koma wata ƙungiya bayan kaka biyu. Ciwon ƙafa ya cinye ƙuruciyar Trengove. Gysberts da Tapscott ba su daɗe ba. Gawn kuwa shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Melbourne kofi a 2021, na farko tun 1964. Amma tsakanin ranar da aka zaɓe shi da ranar da kowa ya yarda cewa ɗan wasa ne akwai shekara biyar da rabi, kuma a cikinsu wasa 26 kawai ya buga wa babbar ƙungiya kafin kakar 2015. Waɗannan shekarun su ne abin dubawa a nan: me ƙungiyar ke iya gani a jikinsa, me ba ta iya gani, kuma a ina ne ainihin shawarar ta faɗo.

Aikin da aka ɗauke shi ya yi

Ana buga wannan wasa a fili mai siffar ƙwai, mutum 18 a kowane gefe, da ƙwallo ita ma mai siffar ƙwai. Filin MCG na birnin Melbourne ya kai mita 160 a tsawo. Ana shura ƙwallo, ko a dunƙule hannu a naushe ta zuwa ga ɗan'uwa, amma ba a jifa. Wanda ya cafe ƙwallon da aka shuro daga nisan mita 15 ko fiye tun ba ta taɓa ƙasa ba, ya sami damar ja da baya ya buga ba tare da kowa ya taɓa shi ba.

Duk lokacin da za a fara wasa, ko aka ci, ko ƙwallo ta maƙale a cikin turmutsutsu, ko kuma sau da yawa idan ta fita waje, alƙalan wasa ne ke dawo da ita. Ko dai a cilla ta sama, ko a wurgo ta daga gefen fili; kafin 2026 a tsakiyar fili akan buga ta da ƙasa ta tashi sama. Mutum ɗaya daga kowane ɓangare ne zai tashi ya tarye ta a sama ya doko wa 'yan tsakiyarsa da ke jira a ƙasa. Shi ake kira rakman. A wasa ɗaya irin wannan karo yakan haura sau 60, kuma kowanne dama ce ta fara kai hari kafin abokin hamayya ya shirya.

Karon iri biyu ne, kuma kowanne jiki daban yake nema. A tsakiyar fili, tsalle ne: mutum biyu su zaburo su tashi da gwiwa a gaba, su haɗu a sama. Yawan raunin gwiwa da hakan ke jawowa ne ya sa a 2005 gasar ta zana da'ira mai faɗin mita 10 a tsakiya don rage nisan gudun da suke yi kafin su tashi. A gefen fili kuwa babu gudu, kokawa ce zalla irin ta dandali: ƙirji da ƙirji, kowa na neman ya kafa ƙafarsa a inda ƙwallo za ta sauko ya ture ɗayan da ƙugu. Yaro ɗan shekara 18, ko da ya kai rufin ɗaki, idan aka haɗa shi da mutum irin Aaron Sandilands na Fremantle, mai santimita 211 da nauyin da ya kusa kilo 120, gefe guda za a ajiye shi.

Daga nan wahalar auna su take farawa. Dogon yaro ƙashinsa ke riga tsokarsa girma, kuma sai ya kai shekara 23 ko 24 kafin jikin ya haɗu ya zama na namijin da zai iya ture wani. A gasar matasa kuma tsawonsa ya ɓata shi. Ya saba miƙa hannu kawai ya ɗauke ƙwallo a kan yaran da ba su kai kafaɗarsa ba, don haka bai taɓa koyon inda ake sa ƙafa ba, ko yadda ake karanta saukar ƙwallo, ko yadda ake juya tafin hannu a aika ta inda aka yi alkawari da 'yan tsakiya. Alƙaluman da ya tara a can ba sa gaya maka komai game da ranar da zai gamu da tsaransa.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne gurbi. Yaron da ke buga tsakiya ana iya saka shi a matsayin na biyar ko na shida, ya koyi aiki a inuwar manya, kuskurensa ya ɓace a cikin taro. Rakman gurbinsa ɗaya ne. Ko kai ne, ko kana ƙungiya ta biyu kana jira. A 2011, shekarar da Gawn ya fara buga babban wasa, gasar ta rage masu canji a benci daga huɗu zuwa uku da mutum ɗaya na ko-ta-kwana, sai ƙungiyoyi da yawa suka daina ɓata kujera a kan rakman na biyu sai idan yana iya zuwa gaba ya ci musu ƙwallo. Ƙofar da yara irinsa ke bi su shiga a hankali ta ƙara tsukewa ke nan.

Abin da ke kan tebur a 2009

Masu zaɓen 'yan wasa na da kayan aikinsu. A wancan lokaci ana tara fitattun matasa a cibiyar wasanni ta ƙasa da ke Canberra a gwada su: gudun mita 20, tsalle a tsaye da tsalle da gudu, juyi, da juriyar numfashi. Shekara guda kafin nan Nic Naitanui ya yi tsallen da ya sa kowa ya riƙe baki, West Coast ta ɗauke shi a zaɓi na 2. Yaron da aka yi wa aiki a gwiwa watanni kaɗan da suka wuce ba shi da abin nunawa a irin wannan wuri. Bai kuma buga gasar jihohi ta 'yan ƙasa da shekara 18 ba, inda ake ganin yaro da tsaransa na gaske.

To me ya rage? Tsawo, wanda ba a koyar da shi. A ranar da aka zaɓe shi, Sandilands kaɗai ya fi shi tsayi a duk gasar. Sai abin da aka gani a wasanninsa na baya, da abin da likita ya ce game da gwiwar, da hirar da aka yi da shi. Iyayensa mutanen New Zealand ne, ya taso a kudu maso gabashin Melbourne, ya yi makaranta a McKinnon.

A ganina zaɓi na 34 ba wata babbar jarumta ba ce, kuma bai kamata a yi ta yabon Melbourne a kansa ba. A wannan zurfin layi yawancin waɗanda ake ɗauka ba sa kaiwa wasa ɗari. Ƙungiyar ta riga ta cika hannunta da yara huɗu da take sa ran za su fara wasa nan da nan, tana kuma da Mark Jamar, rakman ɗin da a 2010 ya shiga tawagar gwanayen shekara da ake kira All-Australian. Ba ta bukatar Gawn a gobe ko jibi. Ta ma ƙara da wani dogon, Jack Fitzpatrick, a zaɓi na 50. Wato ta sayi dogaye biyu da araha ta ajiye, ko ɗaya zai yi. Haka gasar ta saba yi da wannan gurbi. Dean Cox, wanda ya buga wa West Coast wasa 290 ya shiga tawagar gwanaye sau shida, ba a babban zaɓe aka same shi ba, a zaɓen 'yan ragowa ne da ake yi daga baya. Sandilands ma haka. Ƙungiyoyi sun daɗe da lura cewa ba su iya bambance wane dogo ne zai yi, don haka suka gwammace kada su kashe zaɓi mai tsada a kai.

Shekara uku, wasa huɗu

Kakar 2010 kusan duka ta tafi a jinya. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa a shekararsa ta farko an hango shi yana shan sigari a mota a kan hanyarsa ta zuwa atisaye, manyan 'yan wasa suka zaunar da shi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin mai auna yaro. Idan jikin da za ka jira shekara biyar ya haɗu yana hannun wanda bai ɗauki kula da shi da muhimmanci ba, jiran me kake yi? A 2011 ya fara babban wasa a zagaye na 11 da Essendon, ya buga huɗu a kakar. Kafin a shiga kakar 2012 jijiyar gwiwar ta sake tsinkewa a atisaye. Bai taka fili ba duk shekarar.

Ƙungiyar da ke riƙe da shi ita ma a rikice take. A 2011 Geelong ta lallasa ta da tazarar maki 186, aka sallami koci Dean Bailey. Mark Neeld ya karɓa, ta ci wasa huɗu a 2012, biyu a 2013, shi ma aka sallame shi a tsakiyar kaka. Duk sabon koci da ya zo yana neman wanda zai taimake shi ranar Asabar mai zuwa, kuma kujerun ƙungiya ƙidayayyu ne, arba'in da 'yan kai. Kowace kujera da aka bar wa mai jinya an hana wani mai lafiya ne.

Ƙarshen 2012 ne, a wurina, ainihin wurin da aka yanke wannan shawara. Ga yadda lissafin yake. Jamar yana nan, amma ya kusa shekara 30. Akwai Jake Spencer, akwai Fitzpatrick. Akwai Stefan Martin, wanda ya riga ya nuna a 2011 cewa zai iya riƙe gurbin idan Jamar ba ya nan. Sai Gawn, mai wasa huɗu da aikin gwiwa biyu kafin ya cika shekara 21. Melbourne ta sayar da Martin ga Brisbane, ta bar Gawn. A zaɓen matasa na wannan shekarar kuma tana da zaɓi na 4, ga Brodie Grundy na Kudancin Ostireliya a layi, wanda kowa ya yarda shi ne rakman mafi kyau a cikin tsararsa. Ta ɗauki Jimmy Toumpas. Grundy ya yi ta gangarowa har na 18 kafin Collingwood ta ɗauke shi.

Duk wanda ya duba wannan shawara a 2014 ko farkon 2015 zai ce an tafka asara. Martin ya zama rakman na farko a Brisbane, har a 2015 ya shiga cikin waɗanda suka raba kyautar gwarzon ƙungiyar. Grundy ya fara buga manyan wasanni tun shekararsa ta farko. Gawn ya buga 13 a 2013, tara a 2014, wani lokaci a gaba, wani lokaci yana taimaka wa Jamar, sau da yawa kuma a ƙungiya ta biyu ta Casey. Ya shiga kakar 2015 yana da shekara 23, kuma a Casey ya fara ta.

Abin da ya kamata a duba a irin wannan tsaka mai wuya

Mutane da yawa idan za su auna rakman adadin dokowarsa suke fara dubawa, wato sau nawa hannunsa ya riga na abokin karawarsa taɓa ƙwallo. Shi ne adadi mafi sauƙin samu, shi ne kuma mafi yaudara. Mutum na iya doko ƙwallo sau arba'in, talatin su faɗa hannun abokan gaba ko su koma cikin turmutsutsu. Kamfanin Champion Data, mai tattara wa gasar alƙaluma, saboda haka ya ware wani lissafi daban na dokowar da ta isa hannun ɗan'uwa yana da sararin motsi. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Amma ko wannan ɗin bai tsaya a kan rakman shi kaɗai ba. Idan 'yan tsakiyarka ba sa iya ƙwace wuri, ko ka ajiye musu ƙwallo a ƙirji ba za ta zama taka ba, kuma tsakiyar Melbourne ta 2012 zuwa 2014 tana cikin mafi rauni a gasar. Duk rakman da ya yi aiki a can alƙalumansa za su yi masa ƙarya.

Da ni ke zaune a kujerar mai yanke shawara, abubuwan da zan sa wa ido daban ne. Na farko hannunsa idan ƙwallo ta zo daga sama a cikin cinkoso, mutum uku na rataye da shi: yana cafewa sau ɗaya, ko sai ta yi ta tsalle a tafinsa? Ƙarfin ƙirji zai zo da shekaru da ɗaga ƙarfe, amma hannun da ba ya riƙe ƙwallo a shekara 20 da wuya ya koya a 26. Na biyu, me yake yi a daƙiƙa biyar da ke bin dokowa? Akwai dogayen da da zarar sun sauko sun gama aikinsu, sai su tsaya suna kallo. Akwai waɗanda ke sunkuyawa su bi ƙwallo a ƙasa, su tare wa ɗan'uwa hanya, su kama abokin gaba. Ƙungiyar da rakman ɗinta ke tsayawa kallo da mutum 17 take wasa. Na uku, ina yake zuwa idan ƙwallo ta yi nisa da shi? Wannan ne ya fi wuyar gani a talabijin, domin kyamara ƙwallo take bi. Sai wanda ya zauna a saman fili ya ƙyale ƙwallo ya bi mutumin da ido zai san ko yana hango inda za a shuro ta ya riga kowa isa, ko kullum a makare yake.

Sai numfashi. Gasar ta yi ta rage yawan canjin da ƙungiya za ta iya yi a wasa ɗaya: 120 a 2014, 90 a 2016, 75 a 2021. Kowane ragi na nufin rakman zai daɗe a fili yana jan jikinsa daga wannan karo zuwa wancan. Mai santimita 208 da zai iya yin haka har ƙarshen zango na huɗu, wato na ƙarshe a wasa, abu ne mai tsada ƙwarai, kuma wannan ba baiwa ba ce kawai, aiki ne da mutum ke yi a watannin hutu lokacin da ba mai ganinsa. A nan ne labarin sigarin nan ke da nauyi, kuma a nan ne Gawn ya fi canzawa. Mutumin da aka sani daga baya mai son tuƙa keke ne na dogon zango, wanda ke gama wasa yana gudu kamar yadda ya fara.

Abin da zai fi ba ni tsoro shi ne gwiwar, kuma babu wani ido da zai warware wannan. Tsinkewa biyu a jikin mutum mai wannan tsawo, a gurbin da gwiwa ce makaminsa, dalili ne isasshe na sallama, kuma da Melbourne ta sallame shi a 2012 ba wanda zai zarge ta.

Yuni 2015

Paul Roos, wanda ya ci kofi da Sydney a 2005, shi ke horar da Melbourne a lokacin. Ya kira Gawn daga Casey a zagaye na 10. A zagaye na 12 suka je garin Geelong, filin da aka yi musu cin maki 186 shekara huɗu kafin nan, kuma rabon da su yi nasara a can tun 2005. Gawn ya doko ƙwallo sau 44, ya taɓa ta sau 19 a cikin wasa, ya yi ta cafe ta a kan mutane a baya da gaba. Melbourne ta ci da tazarar maki 24. Daga ranar bai sake komawa Casey don rashin ƙoƙari ba. A ƙarshen kakar ƙungiyar ta saki Jamar. A 2016 Gawn ya buga duka wasa 22, aka zaɓe shi rakman na tawagar gwanaye.

Ba a rana ɗaya ya zama haka ba, ranar ce dai aka gani. Abubuwa uku suka haɗu: jiki ya cika, gwiwa ta ba shi watanni a jere ba tare da katsewa ba, kuma a karon farko an ba shi gurbin shi kaɗai, mako bayan mako, ba tare da yana waiwaye ko za a cire shi ba. Na ukun nan ana yawan raina shi. Fahimtar da ke tsakanin rakman da 'yan tsakiyarsa, alamar da ake yi da ido ko da yatsa kafin a cilla ƙwallo, sanin cewa wane yana son ta a gabansa wane kuma a bayansa, ba a samun su da wasa biyu yau uku bayan wata guda. Melbourne ta kuma fara tara 'yan tsakiya na gaske: Jack Viney, Angus Brayshaw, Christian Petracca, sannan Clayton Oliver daga 2016. Dokowar da a da ke faɗuwa a banza ta sami masu karɓa.

Doka ma ta juyo wajensa. Kafin 2017 an yarda wani na uku ya zaburo daga gefe ya doke ƙwallo a kan rakman biyu da ke riƙe da juna, dabarar da ƙungiyoyi ke kashe kaifin dogo da ita. A 2017 aka hana. Daga nan karon ya koma na mutum biyu kawai, kuma wanda ya fi tsawo da iya hannu ya fi cin riba. A 2018 Gawn ya doko ƙwallo sau 1,119 a kaka ɗaya. Babu wanda ya zauna a ɗakin zaɓe a 2009 da zai iya sa wannan canjin doka a lissafinsa.

Zuwa 2024 ya shiga tawagar gwanaye sau bakwai, ya wuce Dean Cox. Yana sanye da lamba 11, lambar Jim Stynes, ɗan Ireland da ya zo Melbourne bai san wasan ba ya zama rakman ɗin da ya ci kyautar Brownlow, ta gwarzon ɗan wasan gasar, a 1991.

Ba kowane jira ke biya ba

Ina gudun a ɗauki wannan labari a ce hujja ce cewa duk dogon yaro a yi ta haƙuri da shi. Melbourne ɗin nan ta riƙe Jake Spencer kusan shekara goma bai taɓa zama na farko na dindindin ba. Fitzpatrick ya tafi Hawthorn, raunin kai ya sa ya ajiye wasa da wuri. Matthew Kreuzer, wanda Carlton ta ɗauka a zaɓi na 1 a 2007, yana da duk abin da ake nema, hannu da zuciya da gudu, amma jikinsa ya yi ta cin amanarsa har ya yi ritaya. Da gwiwar Gawn ta tsinke karo na uku, da yau sunansa na cikin jerin kurakuran wancan zamani na Melbourne, kuma shawarar da aka yanke a 2012 ba za ta zama mafi muni ko mafi kyau ba saboda haka. Ita dai ce, da bayanan da ke hannu a ranar.

Abin da zan iya tsayawa a kai shi ne cewa ƙungiyar ba ta yanke masa hukunci da ma'aunin ɗan tsakiya ba. Ɗan tsakiyar da ya kai shekara 23 da wasa 26 an gama sanin ko waye. Rakman mai wannan lissafi ba a fara ganinsa ba tukuna.

Gwaji na biyu, a ƙungiya ɗaya

A 2019 Melbourne ta zo ta 17, ta sami zaɓi na 3, kuma ta yi abin da gasar ta daɗe tana gudu: ta kashe shi a kan rakman. Luke Jackson ɗan Yammacin Ostireliya ne, santimita 199, ya wakilci ƙasarsa a ƙwallon kwando na 'yan ƙasa da shekara 17. Bai kai Gawn tsawo ba, amma abin da ake jira shekaru a gani a jikin dogaye shi yana da shi tun ranar farko: yana sauka daga tsalle ya zama ɗan tsakiya na huɗu, yana ɗaukar ƙwallo a ƙasa yana gudu, yana iya zama a gaba ya ci. Wannan ya warware matsalar gurbi. Ba sai ya jira Gawn ya tsufa ba, suna iya shiga fili tare.

A 2021 ya ci kyautar matashin da ya fi fice a gasar. A wannan kakar ce Gawn ya ci ƙwallo bayan an busa tashi a Geelong, Melbourne ta dawo daga bashin maki 44 ta gama a saman teburi, sannan ya ci biyar a wasan kusa da na ƙarshe. Wasan ƙarshe an yi shi a Perth ranar 25 ga Satumba saboda annobar korona. A zango na uku Western Bulldogs na gaba da maki 19. Lokacin da Melbourne ta fara juya wasan, Jackson ne ke tsakiya, yana ɗan shekara 19, kuma Gawn, kyaftin kuma rakman na farko a ƙasar, ya ga abin da yaron ke yi ya bar masa wurin. Ƙwallaye suka yi ta shiga daga tsakiya kai tsaye, aka tashi 140 da 66.

Wanda ya nuna da wuri shi ma yana da nasa farashin. Kowa ya gan shi, kuma shi ma ya san darajarsa. Bayan kaka uku Jackson ya nemi komawa gida, Melbourne ta sayar da shi ga Fremantle ta Yammacin Ostireliya a ƙarshen 2022. Don cike gurbin ta ɗauko Brodie Grundy daga Collingwood, mutumin da ta tsallake shekara goma kafin nan, wanda a tsakani ya shiga tawagar gwanaye a 2018 da 2019. Rakman biyu na farko a gurbi ɗaya bai yi aiki ba, domin babu ɗayansu da ya saba zaman gaba kamar yadda Jackson ya iya. Kafin kakar 2023 ta ƙare an mayar da Grundy ƙungiya ta biyu, a ƙarshenta ya koma Sydney, Gawn kuma ya ci gaba da riƙe gurbin shi kaɗai yana da shekara 32.